Tarwaɗun Auta da Maganin Ragunan Inna

Ƙanena bai bar mata ba, bai bar ɗa ba. Abin da ya bari a bayan gidanmu na Ruwan Bago shi ne rumfar langa-langa, da duron ruwa a kan dakali, da 'yan bahunan roba, da tarwaɗa biyu a cikin kwamin siminti. Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, shi ne auta, waɗanda ke tsakaninmu kuwa ba su zauna ba. Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa. Saboda kunyar ɗan fari, Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, "ke" ce ni a bakinta har na yi aure na koma Falgore, inda nake koyarwa a firamare. Shi kuwa Auta, da shi take hira, da shi take faɗa, shi take ajiye wa ƙanzon tuwo.

Gidanmu ba gidan masunta ba ne. Noma muka gada, da ɗan kiwo. Karatun sakandare ne ya kai Auta Karaye, a can ya riƙa zuwa bakin dam yana zama da masu kamun kifi, har abin ya shiga ransa. Da ya gama sai ya je ya yi kwas na kiwon kifi, ya dawo yana cewa shi ƙyanƙyasa zai yi, ya riƙa sayar wa masu tafki 'ya'yan tarwaɗa. Na yi masa dariya son raina. Na ce mutane suna kiwon abu mai ƙafa huɗu, shi ya je ya ɗauko mai gashin baki babu ƙafa ko ɗaya. Inna kuwa ƙarni ne ya dame ta. Kullum sai ta ce ya mayar mata da gida bakin kogi, ko zanin da ta shanya sai ya ɗauki warin kifi.

Ita Inna raguna take kiwo, kuma a unguwarmu an san ta da shi. Tun da sauran watanni kafin babbar sallah take ɗaure rago a turke, ta bi shi da dusa da kowa da harawa da 'yar kanwa. Daga baya wata ƙwaya ta shigo, 'yar ƙarama fara, ana sayar da ita a kasuwar Rogo, mata suna ce mata maganin ƙiba. Inna takan murƙushe ta da bayan cokali ta barbaɗa a dusa, rago ya yi ta ci ba ƙoshi, wuyansa ya cika, ya yi ɓul-ɓul. A cikin gwangwanin madara take ajiye ta, a saman katangar ɗakin girki. Auta ya sha gaya mata cewa ba ƙibar gaskiya ba ce, ruwa ne ke taruwa a jikin dabba, kuma ba alheri ba ne ga masu cin naman. Amsarta ɗaya ce kullum.

"Tun ba a haife ka ba nake kiwo. Kai da kifinka, ni da ragunana."

A haka suka raba gidan, ita gaba, shi baya. Rumfarsa ma ya hana kowa shiga sai ya wanke hannu, abin da ya sa Inna ta yi rantsuwa ba za ta taka wurin ba. Ta ce ba za ta yi alwala don ganin kifi ba.

Wata rana da na zo gida ya dafa mana farfesun tarwaɗa. Muna zaune a tsakar gida bayan la'asar, Inna tana gefe ta ba mu rabin baya tana ɓarar gyaɗa. Ya tsotse kan kifin tas, ya ɗaga ƙoƙon yana ƙwanƙwasa shi da farce. Duk wanda ya taɓa cin tarwaɗa ya san kan nan, faffaɗa ne, mai tauri.

"Yaya, taɓa kunnenki," ya ce.

"Don me?"

"Ke dai taɓa."

Na kama kunnena na lanƙwasa, ina harararsa.

"To, wannan kan da kike gani, da irin abin da ke cikin kunnenki ya fara. Ranar da ɗan tarwaɗa ya fito daga ƙwai babu ƙashi ko ɗaya a kansa. A 'yan kwanakin farko ake shimfiɗa masa guringuntsi, mai taushi. Shi ne muƙamuƙi, shi ne ƙasan ƙoƙon kai, shi ne 'yan sandunan da ke riƙe wurin numfashi. Daga baya ƙashi ya zo ya bi sawunsa. In guringuntsin ya karkace, ƙashi ma a karkace zai zo, kuma babu mai miƙar da shi."

Na ce to malam, wa ke gaya wa guringuntsin inda zai bi?

"Akwai wasu sinadarai da jiki ke yi da kansa, homon ake ce musu. 'Yan aike ne. Wannan ya ce yanzu ka tsiro, wancan ya ce dakata haka. Kaɗan jiki ke fitarwa, daidai buƙata, a daidai lokaci. In wani ya shigo daga waje ta cikin ruwa, ko ya yi yawa, ko ya zo ba a lokacinsa ba, saƙo ya rikice ke nan. Shi ya sa a kwanakin farko ba a sa musu komai. Ruwa mai tsabta kawai."

Na ce da ya yi wa ɗalibaina wannan bayanin da sun yi barci tun a guringuntsi. Ya jefe ni da ƙoƙon kan, ya faɗa cikin kwanon gyaɗar Inna, ta tsince shi ta wurga wa kyanwa ba ta ko juyo ba. Ban san dalilin da ya sa maganar ta zauna mini ba, don surutun kifi irin wannan kullum yana yin sa.

A kan hanyar Karaye ya rasu. Ya ɗauko jarka cike da 'ya'yan kifi a bayan babur zai kai wa wani mai tafki, mota ta kwashe shi a wata kwana. Waɗanda suka fara isa wurin sun ce jarkar ta fashe, 'yan kifayen suna ta tsalle a kan kwalta. Na daɗe ina jin haushin wanda ya ba ni wannan labarin, don har yau shi nake gani in na rufe ido, ba fuskarsa ba.

A kwanakin zaman makoki babu wanda ya tuna da bayan gida. Sai da wari ya taso aka leƙa, aka tarar duk kifayen da ke cikin bahuna sun mutu saboda ba a sauya musu ruwa ba. Biyu ne suka tsira, waɗanda ke cikin kwamin siminti, mace da namiji, iyayen da yake ƙyanƙyasa da su. Tun suna ƙanana ya zaɓo su daga hannun masuntan dam, ya raine su har suka kai tsawon hannu. Yana kiran macen Hajiya saboda tumbinta da yangarta, namijin kuma Alhaji.

Inna da ta rantse ba za ta taka rumfar nan ba, ita ta koma mai gadinta. Ban san ranar da ta fara ba. Na dai zo wata Juma'a na same ta a tsugune bakin kwami, ta wanke hannu har gwiwa, tana watsa musu abinci tana yi musu magana ƙasa-ƙasa. Da ta gan ni sai ta ɗaure fuska ta ce ai ba a barin dabba da yunwa don mai ita ya mutu. Tun daga nan ita ke ɗebo ruwan rijiya ta cika duro, ita ke wanke kwami. Ƙarnin da take ƙorafi a kai ya koma jikin zanenta, ba ta ƙara ambatonsa ba. Ni na san abin da take gani a cikin ruwan nan, ita ma ta san na sani, amma tsakanina da ita ba a irin wannan magana.

Auta yana da aboki ɗan Yola ta Karaye, tare suka yi kwas, shi ma ƙyanƙyasa yake yi. Yakan zo gaishe da Inna lokaci-lokaci. Da damina ta kankama ya zo ya duba kifayen, ya danna cikin Hajiya a hankali, ya ce ta cika da ƙwai, amma ta tsufa. In ba a karɓi ƙwanta a wannan daminar ba, da wuya ta sake yin wani mai kyau. In an ƙyanƙyashe, irin da Auta ya zaɓa zai ci gaba, za a raba wa masu tafki daga Rogo har Karaye, a kuma ware wasu su zama iyaye.

"Sai dai akwai magana ɗaya, Inna," ya ce, yana kallon ƙasa. "Namijin tarwaɗa ba a tatsarsa da rai. Sai an farka cikinsa an ciro abin da za a haɗa da ƙwan."

Inna ta juya ta dubi kwamin.

"Wato Alhaji zai tafi."

"Zai tafi, Inna."

"'Ya'yan za su kai nawa?"

"In Allah ya yarda, ba za ki iya ƙirgawa ba."

Ta ce a ba ta kwana biyu. Da ya dawo ta ce a yi. Ni kaina na goyi bayan abin, har na ce mata gara kifi dubu a kan guda biyu. Mun san cewa da zarar an farka Alhaji babu komawa baya, abin da ya rage na Auta a duniya zai koma cikin kwano ɗaya na ƙwai.

Da yamma abokin ya yi wa Hajiya allura a gefen baya. Inna tana tsaye a kansa ta tambayi ta mece ce. Ya ce homon ne, shi zai sa ƙwan ya nuna ya saki.

"Ashe kifi ma ana ba shi magani," in ji ta.

"Ana ba uwar, Inna."

Washegari da safe aka yi aikin. Ya naɗe kan Hajiya da tsumma mai laima, na riƙe mata wutsiya, ya riƙa shafa cikinta ƙwai yana zubowa cikin busasshen kwano, launinsa tsakanin kore da ruwan ƙasa, ƙanana kamar gero. Inna ta shiga ɗaki lokacin da aka zo kan Alhaji. Abokin ya haɗa komai ya gauraya da gashin kaza, ya baza ƙwan a kan raga a cikin bahuna, ya saita tiyo daga duro yadda ruwa zai riƙa ɗiga a hankali yana fita ta ɗaya gefen. Naman Alhaji kuwa Inna ta ce ba za a ci a gidanta ba, ta aika wa maƙwabta sadaka.

Ni ina da makaranta, shi yana da nasa kifin a Yola, don haka sai da rana muke iya zuwa. Safiya ta Inna ce. Abin da ya ce mata kawai shi ne ta lura kada duro ya ƙafe, kada tiyo ya toshe. Bai ce kada ta sa komai ba, don bai taɓa zuwa ransa cewa akwai buƙatar faɗa ba. Ni ma bai zo mini ba.

Hajiya ba ta farfaɗo daga tatsar ba. Washegari aka same ta a kife a cikin kwami. Inna ta karɓi abin da dauriya, don a ranar ne ƙwan ya fashe. Na iso na tarar da ita a bakin baho tana dariya, dariyar da rabon da in ji ta tun kafin rasuwar. Ƙasan ragar ya yi baƙi da wasu 'yan abubuwa kamar zare, kowanne ɗauke da 'yar jakar gwaiduwa a ciki, suna ta kaɗa wutsiya. Ta dama kunu ta raba a unguwa. Mata suka riƙa shigowa suna yi mata barka da jikoki, tana ce musu su wanke hannu kafin su leƙa. Wata tsohuwa ta tambayi ranar suna, aka yi ta dariya. Ni ma na yi, na kuma shiga bayan ɗaki na yi kukana, don da Auta yana nan shi za a yi wa wannan tsiyar.

Ɗan tarwaɗa gwaiduwarsa yake sha a kwanakin farko. In ta ƙare sai ya taso ya fara neman abinci da bakinsa, daga nan ne ake sanin an yi nasara. Da lokacin ya yi, abokin ya zo da abincinsu na farko, wani gari mai laushi, ya barbaɗa kaɗan a kan ruwa. Muka tsaya muna jira. Ya ce ya kamata mu ga sun yi caa a kai. Wasu suka taso, suna zagaye abincin, suna tunkuɗarsa da kai, amma garin yana nan yana nutsewa ƙasa. Wasu ko tasowa ba su yi ba, suna kwance a gefe suna juyi a wuri ɗaya.

Ya ɗebi kaɗan a cokali ya zuba a farin faranti, ya fito da madubin nan mai ƙara girman abu. Na Auta ne, a rumfar yake rataye. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya miƙo mini.

Ban taɓa kallon ɗan kifi ta madubi ba, amma ba sai an gaya mini ba. Kawunan gajeru ne, kamar an danna su ta gaba. Muƙamuƙin ƙasa ya lanƙwashe ya yi ƙasa, bakin a buɗe, ba ya rufuwa. Wasu nasu ya karkace gefe ɗaya. Wasu ƙirjinsu ya kumbura da ruwa, ana ganin 'yar zuciyar tana bugawa a ciki. Suna da rai, suna jin yunwa, abinci yana gabansu, babu bakin da zai kama shi. Ya ɗebo daga baho na biyu, da na uku, da na ƙarshe, duk labarin ɗaya ne.

Ya fara bin abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Ya taɓa ruwan ko ya yi zafi. Ya tambaya ko an yi feshin maganin ciyawa kusa da rijiya, ko an wanke duro da omo, ko an zuba wani ruwa daban. Inna tana amsawa a'a, a'a. Da ta ga fuskokinmu sai ta matso, ta yi magana da muryar lallashi, irin wadda ake yi wa yaro.

"Ku kwantar da hankalinku, za su miƙe. Ai ban bar su haka ba. Tun ranar da aka zuba ƙwan nake sa musu maganin raguna a duro, kullum bayan asuba. Na ga an yi wa uwa allura, 'ya'yan ba a ba su komai ba, ga su ƙanana abin tausayi. Ragon da ya fi kowanne rama ma yana tashi da shi."

Tana faɗa tana murmushi, tana jiran a yi mata sannu da ƙoƙari. Abokin ya ajiye cokalin. Daga ƙarshe ya ce, "Allah ya saka da alheri, Inna. Ko zan ga maganin?" Ta tafi da saurinta ta ɗauko gwangwanin.

A bayan rumfa muka tsaya ni da shi. Ya karanta rubutun da ke jikin takardar ƙwayar, ya ce homon ne, wanda aka haɗa a masana'anta, mai ƙarfi ƙwarai, irin wanda likita ke bayarwa da awo. Ya ce shi ba shi da ɗakin gwaji, ba zai rantse ba, tsufan Hajiya ma zai iya ba da 'yan nakasassu. Amma tsufa ba ya lanƙwasa bakin kowa da kowa iri ɗaya a baho huɗu. Na tambaye shi in an sauya ruwa fa.

"Za mu sauya, Yaya. Amma guringuntsin ya riga ya shimfiɗu."

Muryar Auta na ji a bakinsa, har da ƙwanƙwasa ƙoƙon nan da farce.

Ina da zafin rai, duk wanda ya san ni ya san haka. A wannan lokacin raina ya ɓaci da Inna ɓacin da ban taɓa yi ba. Na so in koma in tambaye ta wa ya aike ta, in ce mata shin kifi rago ne, in tuna mata sau nawa Auta ya gaya mata ƙwayar nan ba alheri ba ce. An kashe Alhaji, Hajiya ta bi shi, duk don waɗannan, ga shi ta gama da su da bayan cokali. Har na ɗaga ƙafa. Ta ramin langa-langa na hango ta a tsugune, ta ɗauki madubin a juye tana ƙoƙarin dubawa, tana ce musu, "Ku ci mana, ku ci." Sai ƙafar ta ƙi tafiya. Na ce wa abokin kada ya kuskura ya gaya mata. Ya ce dama ba shi da bakin faɗa.

Muka ce mata tsufan Hajiya ne. Muka ce maganin kuma a dakata da shi haka nan, abokin ya karɓi gwangwanin ya mayar saman katanga da kansa. Aka zubar da ruwan duro, aka wanke, aka cika da sabo. Ya gwada abinci iri-iri, har da wanda ya fi gari laushi, ya kwana biyu yana zarya tsakanin Yola da Ruwan Bago. Babu abin da ya sauya. Kowace rana sai an zuƙe matattu daga ƙasan baho da siririn tiyo, baƙin da ya rufe ƙasan ruwa yana ta raguwa. Na ce a watsa wa kaji, Inna ta hana. Ta riƙa tara su a kwano tana kai wa gindin darbejiya ta tona rami ta rufe.

Ana cikin haka wata rana ta ce mini, ba ta kalle ni ba, "Ni dai ina ganin kaɗan na sa musu. Tsoro na ji, rabin abin da nake ba rago nake sawa. Da na cika musu, da wataƙila sun yi ƙarfin ci."

Na ciji leɓena har na ji gishirin jini. Na ce, "Inna, kwanansu ne ya ƙare." Ban taɓa jin nauyin magana irin na wannan ba, kuma ban taɓa tausayin mutum kamar yadda na tausaya mata a ranar ba.

Ba wanda ya tsira. Na ƙarshen ya kai wajen mako yana yawo shi kaɗai a baho da bakinsa a buɗe, Inna tana zaune a kansa, har shi ma ya kwanta. Ta wanke bahunan ta kife su, ta naɗe tiyo ta rataye kusa da madubin, ta ja ƙyauren rumfar. Abokin ya ce zai kawo mata wasu 'ya'yan daga nasa ta riƙa kiwo. Ta yi masa godiya ƙwarai, ta sa masa albarka, ta ce a'a, waɗancan ba na Auta ba ne.

Na koma Falgore da sirrina, ina ganin na rufe shi ruf. Watanni suka wuce ba mu ƙara tayar da zancen ba.

Ana saura 'yan kwanaki babbar sallah ta gaba na je gida. Tun daga zaure na ji wata maƙwabciya tana tsokanar Inna, wai bana ragon nata azumi yake yi ne. Na duba turke. Rago ne lafiyayye, yana cin harawarsa, amma ba irin na Inna ba, ana iya ganin ƙashin ƙugunsa. Na ɗaga kai na dubi saman katangar ɗakin girki, babu gwangwanin madara. Na ce a raina wataƙila ƙwayar ce ta yi wuyar samu.

Bayan maƙwabciyar ta tafi, Inna ta ɗauko kwanon gyaɗa ta zauna a inda take zama, ni kuma na zauna a tabarma. Muka yi gaisuwa, ta tambayi maigidana da yara. Can na ga ta ajiye gyaɗar da ke hannunta, ta kai hannu ta kama kunnenta, ta lanƙwasa shi a hankali, ta saki.

"Ke," ta ce. "Cewa ya yi kamar wannan yake, ko?"

Ba ta jira amsata ba.

"Mai taushi. In ya karkace babu mai miƙar da shi. Ya ce a kwanakin farko ba a sa musu komai, ruwa mai tsabta kawai."

"Inna, Hajiya ta tsufa, kin ji abin da abokinsa ya ce."

"Kada ki yi mini ƙarya, kin yi sau ɗaya ya isa. Na san don ni kuka yi." Ta juyo ta dube ni sosai, abin da ba ta saba yi ba. "Ina nan zaune ya faɗa. Da kunnena na ji. Na ɗauka surutunsa ne irin na kullum, ke yake yi wa. Sai bayan na kife bahunan, ina shara a nan wurin, maganar ta dawo mini tiryan-tiryan."

Na ce ba ta sani ba ne, niyyarta alheri ce, Allah ma niyya yake dubawa. Duk abin da ake faɗa na faɗa. Ta bar ni na gama, tana gyaɗa kai.

"Na sani," ta ce. "Amma duk rayuwarsa bai taɓa barin mini wani abu nasa in riƙe masa ba, sai wannan."

Ba ta yi kuka ba, ni ce na yi. Ta tura kwanon gyaɗar tsakiyarmu, na matsa kusa da ita, muka ci gaba da ɓara har aka kira la'asar.